MAIƘON ABINCI DA MAIƘON JINI: DARASI DOMIN KOWANE GIDA

GABATARWA

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Maƙasudin wannan darasi shi ne a bayyana wa jama'a, maza da mata, yadda mai da kitsen da muke ci yau da kullum ke sauya maiƙon da ke yawo a cikin jininmu, da kuma abin da wannan sauyi ke jawowa bayan shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 suka rasu saboda cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini, watau kusan mutuwa ɗaya cikin kowace uku a duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mamata mutanen ƙasashe masu tasowa ne irin tamu. Saboda haka kuskure ne a ɗauka wannan ciwon Turawa ne ko na attajirai kaɗai. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da yawan maiƙo a jini, su ne manyan ƙofofin da cutar ke shigowa ta cikinsu. Wannan darasi ya tsaya a kan ƙofa ta ƙarshe.

Ga abin da ake so mai karatu ya riƙe tun daga farko: irin man da ake ci shi ne ya fi komai tasiri a kan maiƙon jini. Ba a ce a daina cin mai ba. An ce a san irin da za a rage, da irin da za a sa a madadinsa.

AMFANIN MAI A JIKI

Mai abinci ne, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi na kalori 9, alhali giram ɗaya na tsaba ko na sinadarin gina jiki kalori 4 kaɗai yake bayarwa. Sai da mai hanji ke iya tsotse bitamin A da D da E da K. Manja, alal misali, yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke kare idanun yara daga dundumi. Jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 2 suna bukatar maiƙo sosai domin girman ƙwaƙwalwa, don haka ba a rage musu shi, kuma nonon uwa zalla shi ne abincinsu har wata 6.

MENE NE KWALASTARAL?

Kwalastaral wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma. Jiki yana gina bangon ƙwayoyin halittarsa da shi. Da shi ake haɗa sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa, da bitamin D, da ruwan ɗaci na matsarmama wanda ke narkar da kitse a hanji.

Mafi yawan kwalastaral ɗin da ke jikinka jikin ne da kansa ya yi shi, musamman hanta. Ɗan abin da ya rage shi ke zuwa daga abinci, kuma daga abincin dabba kawai: gwaiduwar ƙwai, ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda, nama, madara da man shanu. Tsiro ba ya ba mutum kwalastaral. Ke nan idan ka ga an rubuta a jikin galan ɗin man girki cewa babu kwalastaral a ciki, gaskiya aka faɗa, amma ba a faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Kowane man tsiro haka yake, har da wanda ke sa kwalastaral ya taru a jini, kamar yadda za mu gani nan gaba.

YADDA MAIƘO KE TAFIYA CIKIN JINI

Kowace mace mai girki ta san ruwa da mai ba sa gauraya. Jini kuwa galibinsa ruwa ne. Saboda haka jiki yakan ƙunshe maiƙo a cikin wasu ƙananan ƙunsoshi masu rufin sinadarin gina jiki, su yi dakonsa daga wuri zuwa wuri. Biyu daga cikinsu ya wajaba a sani.

Na farko likitoci suna kiransa LDL. Aikinsa shi ne kai kwalastaral ga sassan jiki. Idan ya yi yawa a jini sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyi yana maƙalewa. Shi ake nufi idan an ce mugun kwalastaral.

Na biyu shi ne HDL. Shi kuma yakan kwaso rarar kwalastaral daga sassan jiki ya mayar wa hanta, ita kuma ta fitar da shi ta cikin ruwan matsarmama. Shi ake kira kwalastaral mai kyau. Ƙarancinsa alama ce ta haɗari, amma yawansa ba ya wanke laifin LDL mai yawa.

Akwai kuma maiƙo na uku da ake aunawa, wanda likitoci ke kira tirigilisarid. Shi ne ainihin kitsen da jiki ke ƙonawa ko ya ajiye a tumbi da ƙarƙashin fata.

Hanta ita ce mai tsaron jini a wannan sha'ani. A jikin ƙwayoyinta akwai wasu 'yan ƙugiyoyi masu kama LDL su janye shi daga jini. In ƙugiyoyin suna da yawa, LDL sai ya ragu. In sun yi kaɗan, sai ya taru. Wasu masana biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano wannan, aka ba su lambar yabo ta Nobel a shekarar 1985.

YADDA JIJIYA KE TOSHEWA

Idan LDL ya maƙale a bangon jijiya, wurin yakan kumbura a hankali ya yi tudu, hanyar jini ta riƙa tsukewa. Wannan aiki ne na shekaru, yakan fara tun mutum yana saurayi, kuma babu zafi, babu zazzaɓi, babu wata alama. Yau da gobe, wata rana tudun ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe gaba ɗaya. In jijiyar zuciya ce, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa akan ce an yi wa mutum jifa ko iska ta buge shi, alhali kuwa jijiya ce ta toshe. Hawan jini da ciwon sukari da hayaƙin taba suna raunana bangon jijiya, su sa wannan ɓarna ta yi sauri.

IRI UKU NA MAI

1. Kitse mai daskarewa. Shi ne wanda ke sandarewa idan ya huce, musamman da hunturu. Yana da yawa a kitsen shanu da na tumaki, da kakiɗe, da fatar kaza, da man shanu, da madara mai maiƙo. A cikin tsirrai kuma akwai shi a manja, da man ƙwallon kwakwar manja, da man kwakwa. Kimanin rabin manja irin wannan kitse ne. A man shanu ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. A man ƙwallon kwakwar manja da man kwakwa ya haura kashi 80. Illarsa ita ce yana rage yawan ƙugiyoyin nan na hanta, sai LDL ya rasa mai kwashe shi, ya taru. Ka ga yadda man da babu kwalastaral a cikinsa ke iya ɗaga kwalastaral na jini. Man kaɗanya ma yana daskarewa, sai dai irin kitsen da ya fi yawa a cikinsa ba ya ɗaga LDL kamar na man shanu.

2. Mai marar daskarewa. Shi ne ya fi yawa a man gyaɗa, da man waken suya, da man riɗi, da man masara, da man zaitun, da kuma cikin gyaɗa, riɗi, agushi, fiya da kifi. A man gyaɗa kitse mai daskarewa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Idan aka sa irin wannan mai a gurbin kitse mai daskarewa, ƙugiyoyin hanta sukan ƙaru, LDL ya sauka. A lura da kalmar gurbi. Wanda ya ƙara man gyaɗa a kan man shanun da ya saba ci bai yi komai ba illa ƙara wa kansa ƙiba. Kifin teku mai maiƙo, kamar sadin da wanda 'yan kasuwa ke kira taitus, yana da wani nau'in mai da ke rage tirigilisarid.

3. Taurararren mai na masana'anta. Wannan man tsiro ne da aka sarrafa a masana'anta har ya yi tauri domin ya daɗe bai lalace ba. Akan same shi a wasu nau'o'in bota na gwangwani, da man gashin burodi, da biskit, da kek, da soye-soyen leda. Shi ne mafi muni duka, domin yana ɗaga LDL sa'an nan ya saukar da HDL. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci. A Nijeriya, dokar mai da kitse ta hukumar NAFDAC, ta shekarar 2022, ta ƙayyade cewa kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na man da ke cikin abinci. Har wa yau, man suya da aka yi ta maimaita ƙona shi har ya yi baƙi yana haifar da sinadarai masu cutarwa, bai dace a ci gaba da amfani da shi ba.

NAWA NE YA ISA?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce kada mai gaba ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10, kada taurararren mai ya wuce kashi 1.

Bari mu mayar da wannan zuwa cokali. Baligin da ke bukatar kalori 2,000 a yini, rabonsa na kitse mai daskarewa giram 22 ne. Babban cokali ɗaya na manja yana ɗauke da kusan giram 7, na man shanu kusan giram 8, na man gyaɗa kuwa giram 2 da 'yan kai. Watau cokali uku na manja sun kusa cinye rabon yini duka, tun ba a lissafa nama da madara ba. Idan uwargida ta zuba cokali 12 na manja a tukunyar da mutum 6 za su ci, kowa ya sami cokali 2, watau giram 14. In ta rage zuwa cokali 6, miya ba za ta rasa launi ko ɗanɗano ba, kowa kuma ya tsira da rabi. Wannan lissafi ya fi shafar iyalan da ke zaune a garuruwan da manja ne man girki na kullum.

TO, YAYA BATUN ƘWAI?

A shekarar 1913 wani likita na Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kwalastaral, ya ga jijiyoyinsu sun yi irin tudun nan da muka bayyana. Daga nan aka fara zargin kwalastaral na cikin abinci. Amma zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai saba da wannan maiƙo ba. Jikin ɗan Adam dabam yake. Hanjinmu kimanin rabin kwalastaral ɗin abinci yake tsotsa, kuma idan ya shigo da yawa hanta takan rage wanda take yi da kanta.

Shekaru da dama ana ba da shawara kada a wuce miligiram 300 a yini, alhali gwaiduwar babban ƙwai ɗaya tana da kimanin miligiram 186. A shekarar 2015 hukumomin Amurka suka cire wannan adadi daga ƙa'idojinsu na abinci, domin bincike ya nuna cewa ga yawancin mutane kwalastaral na abinci ba ya ɗaga na jini kamar yadda kitse mai daskarewa ke yi.

Kada a fahimci wannan a baibai. Mutane sun bambanta, akwai waɗanda jininsu ke saurin amsawa. Mai lafiya yana iya cin ƙwai ɗaya a yini ba tare da fargaba ba, yara kuma suna bukatarsa domin girma. Amma mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, da wanda aka auna aka ga LDL ɗinsa ya hau, lalle ne su taƙaita gwaiduwa da ƙwaƙwalwa da kayan ciki bisa shawarar likita. Daɗin daɗawa, dafaffen ƙwai dabam yake da ƙwai uku da aka soya cikin mai aka ɗora a kan burodi mai bota.

SUKARI DA GIYA

Wanda ya bar kitse ya koma ga zaƙi bai tsira ba. Idan sukari da farar fulawa da farar shinkafa suka fi abin da jiki ke bukata, hanta takan mayar da rarar ta zama kitse, tirigilisarid ya hau, HDL ya sauka. Lemon kwalba, da shayi mai sukari cokali huɗu, da giya, duk suna cikin masu wannan aiki. Tumbi, wanda wasu ke ɗauka alamar wadata, shi ne babbar shaidarsa.

DARASI DAGA ƘASAR FINLAN

Mai karatu zai iya tambaya ko an taɓa ganin al'ummar da ta sauya abincinta ta ga amfani. An gani. A farkon shekarun 1970 lardin Kareliya ta Arewa, a ƙasar Finlan, yana cikin wuraren da maza suka fi mutuwa da ciwon zuciya a duniya. Mutanen wurin manoma ne da masu saran itace, ba ragwaye ba, amma abincinsu man shanu ne da madara mai maiƙo da nama mai kitse. A shekarar 1972 aka fara gangamin wayar da kai ƙarƙashin jagorancin likita Pekka Puska. Jama'a suka koma ga man tsiro da kayan lambu, suka rage gishiri da taba. Cikin shekara 40 mutuwar maza masu shekarun aiki saboda toshewar jijiyar zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma saukar kwalastaral na jini yana cikin manyan dalilai. Wannan ya nuna cewa aikin ƙarfi kaɗai ba ya kare mutum, kuma gyaran tukunya yana ceton rai.

GWAJIN JINI

Ba a gane yawan maiƙon jini da ido. Siriri yana iya samunsa, mai ƙiba yana iya rasa shi. Hanya ɗaya ce kawai, watau gwajin jini a asibiti. Wani lokaci akan ce mutum ya zo bai ci komai ba na awa 9 zuwa 12. Ga ma'aunin da aka saba bi ga manya, da miligiram a cikin desilita ɗaya na jini, watau kashi ɗaya cikin goma na lita:

Jimlar kwalastaral: ƙasa da 200 shi ake so, 240 zuwa sama ya yi yawa.
LDL: ƙasa da 100 shi ake so, 160 zuwa sama ya yi yawa.
HDL: kada ya gaza 40 ga namiji, 50 ga mace.
Tirigilisarid: ƙasa da 150 shi ake so.

Wasu asibitoci suna rubuta sakamako da wani ma'auni dabam, inda 200 ke daidai da 5.2. A kai wa likita takardar ya fassara, domin abin da ya isa ga wani ya yi yawa ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya.

Duk wanda ya kai shekara 40, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai shan taba, ya kamata ya nemi wannan gwaji. Haka kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya sami ciwon zuciya da ƙuruciya, kada ya jira shekara 40. Kimanin mutum 1 cikin 250 ana haihuwarsa da gadon ƙarancin ƙugiyoyin hanta, LDL ɗinsa yana sama tun yana yaro, kuma gyaran abinci kaɗai ba ya isarsa.

Ga irin waɗannan akwai magungunan da ake kira sitatin, waɗanda wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano na farkonsu a shekarun 1970. Suna rage kwalastaral ɗin da hanta ke yi, su ƙara mata ƙugiyoyi. Likita ne kaɗai zai rubuta su, kuma mace mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da shi halin da take ciki. A yi hattara da masu tallan maganin wanke jini ko narkar da kitse a tasha da kasuwa. Ruwan zafi da lemon tsami ba sa narkar da abin da ya maƙale a bangon jijiya.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

1. A auna mai da cokali maimakon a tuntsura kwalba a tukunya.
2. A fi yawaita girki da man gyaɗa ko na waken suya, a rage manja da man shanu.
3. A yanke kitsen nama kafin dafuwa, a cire fatar kaza, a kwashe man da ya taso a kan romo. A wurin mai tsire da balangu a zaɓi tsoka.
4. A ci kifi sau biyu a mako in da hali, a yawaita wake da alale da ɗanwake.
5. A fifita dafawa da gasawa da turarawa a kan suya. Ƙosai da fanke da soyayyar doya su zama na jefi-jefi.
6. A riƙe gero da dawa da acca, kada a surfe su fiye da kima. A yawaita kuɓewa, kuka, zogale, rama da alayyafo. Wake da kayan miya masu yauƙi suna riƙe ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, sai hanta ta janyo kwalastaral daga jini domin ta yi sabo.
7. A ci kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kimanin giram 400 a yini.
8. A rage sukari da lemon kwalba, a guji taba da giya.
9. A motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar.
10. A duba lambar rajistar NAFDAC a jikin man girki da abincin leda kafin a saya.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Wace gaɓa ce ta fi yin kwalastaral a jiki?
2. Mene ne bambancin aikin LDL da na HDL?
3. Ta yaya man da babu kwalastaral a cikinsa ke ɗaga kwalastaral na jini?
4. Cokali nawa na mai ake zubawa a tukunyar gidanku, kuma mutum nawa ke ci?
5. Su wa ya kamata su nemi gwajin jini tun kafin shekara 40?

KAMMALAWA

Ya kai maigida mai cefane, ya ke uwargida mai riƙe da ludayi, lafiyar zuciyar iyalinku a hannunku take fiye da hannun likita. Abin da aka nema a nan bai fi ƙarfin talaka ba, domin gero da wake da kuka da gyaɗa amfanin gonarmu ne. Rigakafi ya fi magani, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka a saba wa yara da irin wannan abinci tun suna ƙanana. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, sa'an nan ya sa ranar da zai je asibiti a auna jininsa.